Kaltumi da Sharar Tattasai

Kaltumi a Diffa aka haife ta, amma iyayenta Damagarawa ne. Mahaifinta ya zo garin da ƙullin atamfa tun kasuwar ba ta wuce 'yan rumfunan zana ba. Ya zauna, ya buɗe shago, ya haifi 'ya'ya biyu da suka rayu: Magagi shi ne babba, sai Kaltumi da ta biyo bayansa da shekara tara. Tun suna yara ba su jituwa. Shi mutum ne mai son a tambaye shi kafin a yi komai, ita kuwa sai ta gama abu take tuna cewa akwai wanda ya kamata ta tambaya.

Da ta isa aure ta ce Tahir take so, wani Babarbare manomin tattasai daga ƙauyukan bakin kogin Komadugu, wanda ke zuwa shagonsu sayen yadi duk bayan tsinka. Magagi ya ce ba a taɓa yi ba a danginsu, 'yar ɗan kasuwa ta je ta duƙa a gona. Tsohon yana da rai a lokacin. Ya ce shi ya haife ta, kuma ya ba da ita. Magagi ya zo ɗaurin auren, ya tashi tun ba a raba goro ba.

Shekara ashirin da biyu ta yi a bakin kogi. Can ta koyi tattasai tun daga dashe har zuwa shanya. Ta san wanda aka tsinka da wuri, ta san wanda rana ta ci ya yi fari, ta san wanda aka yayyafa wa ruwa don ya cika buhu. In ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta kaɗa ta a kusa da kunnenta, ƙarar irin da ke ciki kaɗai ta isa ta gaya mata ko ya bushe. Tahir ya yanka mata gayauna a gefen gonarsa, abin da ta fitar nata ne. Da shi take zuwa biki Maine, da shi take zuwa gaisuwar mutuwa har Nguigmi. Takan ce wa Tahir, "Gobe zan tafi," shi kuma ya ce, "Allah ya kiyaye hanya." Magana ta ƙare.

Sai shekarar gudu ta zo, masu bindiga suka auka wa ƙauyukan bakin kogi. Mutanen ƙauyen suka bar gonaki da injinan ban ruwa da tattasai a kan shanya, suka yi yamma da abin da kai ya iya ɗauka. Dangin Tahir suka kafa bukkoki a bakin kwalta kusa da Gagamari. Tahir bai yi wata biyar a wurin ba ya kwanta, bai tashi ba. Rumaisa, 'yarsu ta fari kuma ita kaɗai ta rayu cikin huɗu, aka aurar da ita ga ɗan baffanta a nan cikin bukkokin. Kaltumi kuwa, da ta fita takaba, Magagi ya aiko da mota aka ɗauko ta.

Ba za a ce ya wulaƙanta ta ba. Ya ba ta ɗaki na siminti kusa da madafa. Tuwo sau biyu, atamfa duk Sallah, in ta yi zazzaɓi a kai ta likita. Sai dai gidan Alhaji Magagi ƙofa ɗaya gare shi, kuma mace ba ta fita ta cikinta sai da bakinsa. Matarsa Hajiya Saratu ta saba, ta ce ita ba ta ma san wani zama ba. Kaltumi mai shekara arba'in da ɗoriya ta koma tsayawa a bakin shigifa bayan karin kumallo tana cewa, "Yaya, an yi rasuwa a gidan su wance, ko in je?" Wani lokaci ya ce je ki, wani lokaci ya ce ai Hajiya ta aika da gaisuwa, ya isa. Gagamari ba ta da nisa da Diffa, amma sau biyu a shekara take ganinta, cikin motar shago, direba na jira, a dawo kafin la'asar.

Da aka sake barin cinikin tattasai bayan hanin da hukuma ta yi saboda rikicin, Magagi ya buɗe mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a bayan gidan, ya huda ƙofa tsakani. Yana saye hannun manoma, a zube a ƙasa, mata su tsince, a ware mai kyau da na biyu da fari, a cusa a buhu, 'yan Kano su zo su kwasa. Matan da ke tsinta 'yan ƙodago ne, galibinsu masu gudun hijira. Kaltumi ce ke tsaye a kansu, don babu buhun da ake ɗinkewa sai ta sa hannu. Sunan Magagi ya fita a kasuwa, aka ce buhunsa bakinsa da gindinsa ɗaya ne. Ita ba a biyanta, tunda 'yar gida ce.

Akwai wata al'ada a mangazun tattasai da kowa ya sani. In an gama aikin yini, abin da ya faɗi ƙasa, ɓarɓashi da iri da karyayyun ƙwayoyi, na matan da suka tsince ne. Shara ake ce masa. Su share, su raba, kowace ta ƙulle nata a bakin zane. Kaltumi ba ta taɓa ɗiba ba, domin 'yar gida ba ta ɗibar shara.

Shekara huɗu ana haka, sai ranar nan ƙanwar Tahir ta zo daga Gagamari. Ba a shigar da ita cikin gida ba, a zaure suka gaisa. Ta ce Rumaisa na da ciki wata huɗu, bayan an daɗe ana jira.

"In ya shiga na bakwai za mu kawo ta goyon ciki," in ji ta. "Haihuwar fari gaban uwa ake yin ta. Ina za mu kawo ta?"

Kaltumi ta ce, "Ku kawo ta inda nake."

Ta faɗa ne kawai, amma ta san ba ita ke da ta cewa ba. Ga kuma wata wahalar: Kaltumi ba ta taɓa kiran sunan Rumaisa da bakinta ba, irin kunyar da uwa ke yi wa ɗan fari. Roƙo a kan 'yar fari kuwa, gaban namiji, abu ne mai nauyi ƙwarai. Sai ta bi ta kan Saratu, ta same ta tana gyaran shinkafa.

"Hajiya, ki yi mini magana da mijinki."

"Mijina kuma? Yau ya tashi daga yayanki?"

"In faɗa ne yayana ne. In roƙo ne naki ya fi shiga."

"To me za a roƙa, uwar tsiwa?"

Kaltumi ta kau da kai. "Yarinyar nan ce. An ce ta yi nauyi."

Saratu ta ajiye faifai ta rangaɗa guɗa, sai da Kaltumi ta toshe mata baki. Ta ce ta bar mata komai, ai wannan abin farin ciki ne.

Bayan azahar Magagi ya aika aka kira Kaltumi. Yana zaune kan darduma da rediyo a gefensa, bai kashe ta ba.

"An gaya mini. Allah ya raba lafiya. Amma ba a gidan nan ba."

"Yaya, ina ake haihuwar fari in ba gaban uwa ba?"

"Gaban uwa mai gida. Ke kina da gida ne?"

Ya ga maganar ta yi zafi, sai ya rage murya. Ya ce in yarinyar ta zo mijinta zai biyo ta, sannan surukai, sannan duk mutanen bakin kogi su cika masa ƙofa da sunan barka. Ya ce ta san zamanin da ake ciki, ta san irin kallon da ake yi wa mutanen can. Gobe a zo ana tambayarsa su waye, daga ina, shi bai san su ba. Ya ce shi ɗan kasuwa ne, in aka fara nuna gidansa da yatsa ya gama.

"To bar ni in je can in yi mata wankan, in an yi arba'in in dawo."

"Ƙanwata ta kwana arba'in cikin bukkar leda a bakin kwalta? Don a ce Magagi ya kasa riƙe ki? Kaltumi, me kika rasa a gidan nan? Ci ko sha ko sutura?"

"Ragon can da ka ɗaure bayan madafa shi ma bai rasa dusa ba."

"Tashi ki ba ni wuri. Bakin nan naki shi ya kai ki bakin kogi tun farko."

Kwana biyu ba ta ci abincin kirki ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne tambayar nan, ko tana da gida. Ta daɗe tana ɗauka cewa kirkin Tahir ne ya sa take zuwa inda take so. Yanzu ta ga har da gayaunar. Mai abin hannunsa sanarwa yake yi, wanda ba shi da shi kuwa roƙo yake yi, ko da a gidan ubansa ne.

Rana ta uku, da aka tashi aiki matan suka tara shara, Kaltumi ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa a ƙasa.

"Ku sa da ni."

Suka dubi juna. Jummai, wata 'yar Damasak mai yawan dariya wadda ta fi kowa daɗewa a wurin, ta ce, "Hajiya Kaltumi, ke da gidanku? Shara fa ce."

"Ni ba Hajiya ba ce. Hannuna ya fi na kowa baƙi a nan. Zuba."

Aka zuba mata. Ta kai ɗaki ta rairaye yashi, ta sheƙe, ta cire tsinkaye. Ta haɗa da citta da kanumfari da masoro da ƙuli-ƙuli da gishiri, ta daka yaji irin wanda matan bakin kogi ke yi. Fita ba ta yiwuwa, sai Jummai ta riƙa kai wa masu tsire da masu balangu a bakin tasha. Cikin mako biyu suka fara aikowa da kansu suna tambaya. Jummai ɗin ce kuma ta samo mata kango a wata sabuwar unguwa a arewacin gari, fili ne da katanga ba ɗaki, na wani ma'aikaci da ke Yamai wanda ke neman mai zama don a daina zuba masa juji. Abin da yajin ya kawo, ba ya kwana a hannun Kaltumi. Yau zana biyu, jibi itatuwan rumfa, wani makon babbar tukunyar wanka. Sannan itacen wuta, domin wankan jego safe da yamma kwana arba'in ba ƙaramin itace yake ci ba. Duk Jummai ke kaiwa can tana tarawa. Kaltumi ba ta ma taɓa ganin kangon da idonta ba.

Dakan ne ya tona ta. Tattasai ba ya dakuwa a ɓoye. Takan jira Magagi ya tafi kasuwa, ta ja turmi bayan madafa, ta ɗaure hanci da tsumma. Saratu da yara su shige ɗaki su rufe ƙofa suna tsine mata cikin wasa. Ran nan kuwa ya dawo tun kafin azahar, da baƙi uku 'yan Kano da ya gayyato cin abinci. Iska ta kwaso ƙurar ta kai shigifa. Babban baƙon, Alhaji Awalu, yana cikin bayanin farashi sai atishawa ta kama shi, ɗaya bayan ɗaya har hularsa ta faɗi cikin kwanon miya. Sauran biyun suka fita waje suna tari suna share hawaye da bakin riga.

Magagi ya raka baƙin. Da ya dawo ya zarce bayan madafa, ya tarar da turmi da ƙulle-ƙullen leda a cikin kwando.

"Na waye wannan?"

"Nawa ne."

"Daga ina?"

"Shara ce. Rabona."

"Rabonki? Ke 'yar ƙodago ce? Ƙanwar Magagi ce ke sayar wa mahauta yaji a tasha? Me za ki yi da kuɗin?"

"Ɗaki nake yi. Ka tambaye ni ko ina da gida."

Ya juya mata baya. Sannan ya shiga mangaza, matan na zaune suna tsinta, ya ce daga yau babu shara. Duk abin da ya faɗi ƙasa nasa ne, shi ya saya da kuɗinsa, a tara masa a buhu.

Wannan ya fi duka ciwo ga Kaltumi. Matan nan da sharar suke yin miya, da ita wasu ke sayen sabulu. Babu wadda ta tanka wa Alhaji. Da ya fita, kanta suka juyo.

"Kin ji daɗi?" in ji Jummai. Babu dariya a fuskarta yau. "Ke in kin rasa shara tuwonki na jiranki a kwano. Mu fa? Rigimarku ta 'yan gida, mu ne muka biya."

"Jummai, ban san zai yi haka ba."

"Yayanki ne, ba ki san shi ba? Ni da na yi ta jan itacenki a ka kamar jaka. Kangon na nan bayan famfon unguwa, mai ƙofar langa-langa. Ki nemi wata 'yar aiken."

Washegari Kaltumi ba ta shiga mangaza ba. Ta zauna a bakin ɗakinta tana tsifar kai. Jibi ma haka. Rana ta uku Magagi ya tsaya a tsakar gida ya ce, da ƙarfi don kowa ya ji, mai ci a gidan nan aiki yake yi. Ta ce gaskiya ne, kuma mai aiki biyansa ake yi. Ya ce in biya take so ta fita ta nema, ƙofa a buɗe take. Ya faɗa ne yana tsammanin za ta tsorata. Ta shiga ɗaki ta ɗaure tabarma da kwanoni biyu da turmi. Atamfofin Sallah ta bar su a kan gado a ninke. Saratu ta biyo ta har zaure tana kuka, ta riƙe mata zane.

"Kaltumi, don Allah. Ina za ki? Fushi ne, gobe zai huce."

"Ya huce da lafiya. Sake ni, Hajiya, mai amalanke na jira."

Kangon ya fi yadda ta zata muni. Yashi ne da ƙaya da kashin awaki, rana ta ko'ina. Amma kayanta na nan a kusurwa, Jummai ba ta taɓa ko tsinke ba. Ta samu wasu maza biyu suka kafa mata rumfa suka kewaye da zana. Sai dai yanzu babu shara, babu yaji, ga cikin Rumaisa ya shiga wata na shida.

Ranar kasuwa ta yafa mayafi ta tafi inda ake lodin tattasai. Wurin maza ne. Buhuna jibge sun fi mutum tsawo, kamyo, manyan motocin kaya, na jira, 'yan dako na ihu. Suka gan ta tana ratsawa.

"Inna, kin yi ɓatan hanya. Masu kuka da daddawa suna can gaba."

"Na gan su. Kai dai ɗauki buhunka, kar ƙugunka ya ƙarasa."

Ta hango Alhaji Awalu, mai hular nan, yana ciniki da wani dillali. An kwance masa bakin buhu, ya ɗebi na sama yana juyawa a tafin hannu yana gyaɗa kai. Ta matsa.

"Alhaji, bakin buhun kake saye ko cikinsa?"

Dillalin ya ce wace ce wannan, a janye ta. Awalu ya ce a bar ta. Ta naɗe hannun riga, ta cusa hannu har kafaɗa, ta zaro na tsakiya. Rabinsa fari ne, sauran kuma da ta matsa sai ya lanƙwashe bai karye ba. Ta kaɗa ɗaya a kunnen Awalu, shiru, ba ƙara.

"An ba shi ruwa jiya. Kafin ka kai Kano ya yi fumfuna."

Dillalin ya zage ta tas, har da uwarta. Ta rama, har da kakarsa. Awalu ya tambayi wani wace ce, aka gaya masa ita ce mai duba wa Magagi kaya. Ya ce to daga yau shi za ta duba wa, kowane buhu da ladansa. Kafin a tashi kasuwa wasu 'yan Kano biyu su ma suka ce ta duba musu. Dillalai suka tsane ta tun daga ranar, kuma har yau ba su daina ba.

Kasuwa ta uku, aka sauke wa Awalu buhuna daga amalanke. Tun kafin a kwance ta gane ɗinkin, ƙulli biyu a kunne ɗaya, aikin mai ɗinkin mangazar gidansu. Ta ɗaga kai sai ga Magagi tsaye cikin farar shadda, hannaye a baya. Bai dube ta ba.

Ta san abin da za ta tarar. Matan da aka hana wa shara ba za su ɓata idonsu wajen ware fari ba, kuma babu mai tsaya musu a kai. Ta cusa hannu. Da ta zaro, ta riƙe a dunƙule ta ɗan jima ba ta buɗe ba. Mutane sun taru, 'yan dako sun ajiye kaya. In ta ce mai kyau ne, Awalu zai gane a Kano, kuma daga ranar babu mai sake kiran ta. Rumfar da tukunyar da itacen, duk a kan maganar bakinta suke tsaye.

"Yaya dai?" in ji Awalu.

Ta buɗe hannu. "Ba na ɗaya ba ne. An haɗa da fari. A saya a matsayin na biyu."

Magagi ya juyo a hankali. "Ni, Kaltumi? A tsakiyar kasuwa?"

"Buhu aka tambaye ni, Yaya."

"Shekara huɗu kina cin tuwona."

"Shekara huɗu ina cika maka buhu. Ka mayar wa matan nan shararsu, kayanka zai gyaru."

"Ke za ki koya mini kasuwa? To ku shaida," ya ɗaga murya, "ni ba ni da ƙanwa. Ko gawata aka shimfiɗa kar ta tako mini gida."

Wani dattijo ya ce subhanallahi, Alhaji, a bar fushi. Magagi ya sa aka mayar da buhunan kan amalanke, bai sayar ba. Kaltumi ta juya ga buhu na gaba. Ta duba sauran duka har la'asar.

Aka kawo Rumaisa cikin adaidaita ranar wata Laraba, ita da ƙanwar babanta da ƙullin kaya. Ta tsaya a ƙofar langa-langa tana kallon rumfar da tulin itacen.

"Inna, nan ne?"

"Nan ne. Kina jiran a shimfiɗa miki kilishi? Shiga daga rana. Dubi ƙafarki yadda ta kumbura, ba sa ba ki abinci ne a can?"

Ta haihu a gidan likita, ɗa namiji, aka dawo da ita kangon. Kwana arba'in Kaltumi na hura wuta safe da yamma, tana tsoma ganyen dogon yaro cikin tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata, tana dama kunun kanwa. Ranakun kasuwa ta tafi dubiyar buhu ta dawo da nama. Ranar suna mutanen Gagamari suka cika kangon har waje, ana wushe-wushe irin gaisuwarsu, ana ta Barbarci, babu wanda ya tambaye su daga ina. Daga gidan Magagi ba a ga kowa ba. Saratu ta roƙa a bar ta ta zo, aka ce a'a. Sai ta ba wata maƙwabciya sabulu da rigunan jariri a ɓoye ta kawo. Jummai ta zo, ta ɗauki yaron ta yi masa addu'a, ta ci tuwo, ta tafi ba ta gaida Kaltumi ba. Ta bar mangazar Magagi tuni, ta koma wata inda ake ba da shara.

Bayan arba'in Rumaisa ta koma ɗakin mijinta. Bayan mako guda maƙwabciyar nan ta sake zuwa da saƙon Saratu. Wai tunda abin ya wuce, Alhaji ya ce in Kaltumi ta zo ta ba shi haƙuri gaban mutum biyu, ɗakinta na nan ba a sa kowa ba. Damina ta kusa, in ji matar, zana ba ta tare ruwa.

Kaltumi ta dubi rufin rumfar. Ta san gaskiya ne, ta kuma san gwiwoyinta sun fara ciwo.

"Ki gaida Hajiya. Ki ce na gode, ita kam ba ta da laifi. Gobe Gagamari zan tafi, yaron na mura."

"To me zan ce wa Alhaji?"

"Ki ce masa gobe Gagamari zan tafi."

Daminar ta jiƙa ta sosai. Sau biyu iska na kwashe rumfar. Ba ta yi arziki ba, lokacin da babu tattasai ma dakan yaji take yi da abin da ta saya da tiya, kwanon awo, wata rana ta kwana da gari da ruwa. Mutanen unguwa suna cewa tana da zafi, kuma ba su yi ƙarya ba. In hanya ta bi da ita ta ƙofar shagon yayanta, takan tsallaka ɗaya gefen titi, shi kuma ya duƙar da kai kan kayansa.

Da rani ya shigo, wata safiya sai ga kamyo ya tsaya a ƙofar kangon cike da bulo. Magini ya sauko ya ce mai fili ya aiko daga Yamai, za a fara gini, an ba ta zuwa ƙarshen wata. Ya faɗa yana sunkuyar da kai, yana jiran kuka ko zagi.

"Ku sauke can gefen katanga," in ji ta. "Wanda ya taka mini shanya zai ji bakina."

Da suka gama ta rufe shanyar da buhu, ta ɗaure ƙofa da igiya. An gaya mata akwai wani kango can gaba da makarantar unguwa, har da famfo a ciki, sai dai mai shi ya ce ba ya son mace mai dakan tattasai, don matarsa na da asma kuma gidansu na jikin katangar. Ta ce bari dai ta je ta ga ta wane gefe iska ke kaɗawa a wurin.